Oba-oba ba ta yi ƙarya ba, tudu ne babu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan rediyon oba-oba ɗin nan, 'yar rediyon hannu da ake magana da juna ta cikinta, da ta cika kasuwanninmu, don ni gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata a nan Gusau kuma kusan duk sati sai wani ya shigo shago da ita a leda yana cewa an cuce shi.

Abin ya samo asali ne tun watan Satumba na 2021 lokacin da aka katse sabis ɗin waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka ce sati biyu ne amma wasu wuraren sai da aka haura wata biyu, ni kaina sai da na shiga mota har Zariya don kawai in kira mai turo min kaya daga Legas. Mutanen Borno da Yobe sun riga mu ɗanɗana wannan tun 2013. To daga lokacin ne 'yan sintiri da masu gadin makaranta da direbobi har da 'yan kasuwa kowa ya fara neman oba-oba, yawanci Baofeng UV-5R ce 'yar Chana saboda arha.

Ga inda rigimar take. Mai sayarwa zai ce maka tana cin kilomita 10 ko 15, kai kuma ka je gida ka ba yaronka ɗaya ya tafi bayan kasuwa shikenan sai shuuu kake ji. Wallahi lafiyarta lau. Ƙarfinta wajen wat 5 ne, kuma zangon da take aiki a kai, VHF da UHF, a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba kamar gajeren zango da muke kama BBC da shi ba wanda ke tashi sama ya dawo ƙasa a can wata uwa duniya. Gini ya tare, dutse ya tare, ita kanta ƙasa da take a lanƙwashe tana tarewa. Mutum biyu a tsaye a fili fetal da kyar su kai kilomita 10, cikin gari kuwa in kun samu 1 ko 2 ku gode Allah.

Maganin abin shi ne ripita, kuma shi ne ban taɓa jin mai sayarwa ya faɗa wa kowa ba. Ripita wata rediyo ce da ake kafawa a wuri mai tsawo, tana sauraro a mita ɗaya, wato lambar tashar da ake kamawa a rediyo, tana maimaita maganar nan take a wata mitar da ƙarfin da ya fi na 'yar hannunka. A zangon 144 zuwa 146 MHz (da MHz da kHz ake auna mitar rediyo) da aka ware wa masu harkar rediyo don sha'awa tazarar da ke tsakanin mitocin biyu 600 kHz ce, sai a sa wata na'ura mai tacewa don kada bakinta ya toshe mata kunne tunda eriya ɗaya suke amfani da ita. In eriyar ta kai tsayin mita 100 sama da ƙasar da ke kewaye, lissafi ya nuna za ta hango wajen kilomita 40 ta kowane ɓangare. Yanzu ka duba dutsen Kwatarkwashi, ka duba Kufena a Zariya ko Dala da Goron Dutse a Kano, Allah ya riga ya gina mana hasumiya kyauta, abin da ya rage sola ce da batir mai kyau da ƙarfen kariyar tsawa, da kuma mai gadi don kar a wayi gari an kwance falankin solar, wannan kam kowa ya san halinmu.

Amma fa akwai abu biyu da nake gaya wa duk wanda ya zo wurina ko da zai ji haushi. Maganar oba-oba ba sirri ba ce, duk mai irin rediyon in ya laluba ya faɗo kan mitarku zai ji komai, har wanda kuke gudu. Na taɓa jin wasu suna faɗin inda suka ajiye mutanensu da sunan kowa tsirara a iska, raina ya ɓaci sosai. Na biyu, iska tana da mai ita. Wannan 'yar rediyon tana iya shiga daga 136 har 174 MHz, a ciki akwai wuraren da aka ware wa hukumomi da jiragen ruwa, mutum ya danna kawai yana halo halo bai san kan wa ya hau ba. Ga halin tsaron da ake ciki, a kama ka da ita a shingen bincike babu takarda, kafin ka gama bayani an ce kai infoma ne.

A wasu ƙasashe wannan abu sha'awa ce mai tsari, mutum ya yi jarrabawa a ba shi lasisi da lambar kira, ta Najeriya da 5N take farawa, Nijar 5U, Ghana 9G. Marigayi Sarki Hussein na Jodan ma ɗan harkar ne, lambarsa JY1. Tashar sararin samaniya ta duniya da ke shawagi wajen kilomita 400 a sama tana ɗauke da ripita, kuma akwai masu magana ta cikinta da 'yar rediyon hannu irin wadda ake kawo min a leda, da eriyar da suka haɗa da kansu. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awar a Najeriya amma tambayi matasa ɗari a nan ka ga ko mutum ɗaya ya taɓa jin labarinta.

Roƙona ga hukumar da ke ba da lasisin nan shi ne ta fito ta yi bayani da Hausa a gidajen rediyo, ina ake zuwa, nawa ake biya, wace mita aka yarda talaka ya taɓa. Kwalejojin kimiyya da fasaha namu kuma su buɗe kulob, ɗalibai su kafa ripita guda da izini a matsayin aikin kammala karatu maimakon kwafar na bara. Ni dai in za a yi a Gusau kayan aikina da ƙarfen sodana suna nan, hawan dutsen ne kawai zan bar wa yara saboda gwiwa.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Gusau