Barka da Sallah Daga Nesa, da 'Yar Magana Kan Wayar Hannu

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya da ƙannena baki ɗaya.

Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana. Baba, a yi mini afuwa, yawancin maganar nan da ƙannena nake, sai dai na fi so a karanta ta a gabanku.

Kafin la'asar wayar kowa za ta cika da hotuna, har da na mu da ke ƙetare: sabon ɗinki, doguwar mota a baya, titi fes. Kallon kitse ake yi wa rogo. Hoto ba ya nuna kuɗin haya, ba ya nuna aikin dare, kuma sau da yawa motar ta wani ce. Idan aka faɗa muku albashin wani, kada ku yi saurin juya shi zuwa kuɗin gida. A fara cire haraji, sannan haya, wuta da ɗumama ɗaki lokacin sanyi, kuɗin mota, abinci, da sabunta takardun zama. Abin da ya rage shi ake juyawa, kuma sau tari bai kai a yi masa hassada ba.

Ko da ya kai, zuciya tana da sabo. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Brickman, da abokan aikinsa sun tambayi mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca, suka tarar jin daɗinsu bai zarce na sauran jama'a da wani abin kirki ba. Sabon abu kan faranta rai na ɗan lokaci, daga nan ya zama kayan gida, ido ya koma kan na gaba. Shi ya sa hadisi ya ce a dubi wanda ke ƙasa, kada a dubi wanda ke sama. Ƙana'a kuwa ba zaman kashe wando ba ce. A nemi halal da ƙarfi, a daina auna kai da ma'aunin wani. Duk abin da hoto ya sa ka kwaɗayinsa, rubuta shi ka bar shi kwana bakwai. Wanda har yanzu kake buƙata bayan makon, shi ne buƙata. Shafin da kullum kake rufewa da ƙuncin rai, daina bin sa.

Sai maganar ji-ta-ji-ta, wadda ta fi damuna. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a yi bincike idan labari ya zo, kuma yau binciken bai fi minti biyu ba. A WhatsApp, saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu a samansa ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka. Tun 2020 kamfanin ya hana tura irinsa zuwa fiye da wuri ɗaya a lokaci guda, don shi ma ya san abin da yake haifarwa. Wanda ya turo maka mutumin kirki ne, amma ba shi ya gani ba. Tambaye shi: wa ya fara faɗa, a ina, yaushe? Idan hoto ne, saka shi a Google Lens, zai nuna inda aka taɓa buga shi. Sau da yawa ƙaryar tsohon hoto ne na wata ƙasa aka yi masa sabon rubutu. Idan bidiyo ne, tsayar da shi, ɗauki hoton fuskar wayar, ka yi haka nan. Saƙon da ya tayar maka da hankali nan take, ko ya ce a tura wa mutum goma kafin dare, shi ya fi cancanta ya kwana a wayarka. Mai ƙirƙirar ƙarya ya san fushi da tsoro ba sa barin mutum ya yi tambaya. Wanda kuma ya zo daidai da abin da dama kake so ya zama gaskiya, ninka masa binciken.

Inna, wannan taku ce. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. Idan baƙuwar lamba ta kira da murya irin tawa tana neman kuɗin gaggawa, ku kashe, ku sa Yaya ya kira lambar da kuka sani. Mu kuma tsayar da wata tambaya da 'yan gida kaɗai suka san amsarta. Lambar sirri mai lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta tes ba a ba kowa ita, ko wane ne. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙon danginsa da sunansa.

An ce zumunci a ƙafa yake. Na nesa ba shi da wannan ƙafar sai waya, to a yi ta da tsari. Kiran Sallah da ake zagaya waya hannu goma, kowa ya ce "ya aiki, ya sanyi", gaisuwa ce mai kyau, amma ba a jin halin da kowa ke ciki. Gara rana ɗaya tsayayya a mako, minti 20, mutum ɗaya. A tuna agogon Turai yana sauyawa da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, kada a yi ta saɓani ana zargin juna. A raba kiran gaisuwa da kiran buƙata, domin idan kowace sallama tana ƙarewa da maganar kuɗi, mai ɗauka yakan fara jin nauyin ƙarar wayar. "Lafiya lau" ba amsa ba ce, ƙofa ce, a bi ta da "me ya fi damun ka a makon nan?", sannan a yi shiru a saurara, ban da katsewa da shawara.

Binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 shekaru da dama, ya gano cewa masu kyakkyawar alaƙa da mutanensu sun fi lafiya da kwanciyar rai a tsufa. Ku da ke kusa kuna da abin da mu ba mu da shi. Yau ku taka zuwa wajen dattijon da ba ya iya fita, ku zauna, waya tana aljihu.

Yaya, ka zaɓa mana ranar kiran, ka sanar da ni. A gaishe da su Gwaggo da Kawu da maƙwabta. Baba, Inna, a ci gaba da sa mana albarka.

Naku,
ɗanku na ƙetare.