Gundura da dawwama daban, zafin ciwo daban

Malam Edita,

Na karanta sharhin da jaridarku ta buga kan wani kashi na shirin talabijin na Amurka mai ƙagaggen labarin tafiya sararin samaniya, Star Trek: Voyager, na 1996, inda wani daga jinsin da ba sa mutuwa ya nemi mafaka a kumbo domin a bar shi ya mutu. Mai sharhin ya kafa hujja da labarin cewa a bar majinyata su zaɓi mutuwa. A ganina ya yi tuya ya manta da albasa.

Wancan na cikin shirin lafiyarsa ƙalau, ya ga komai ya ji komai, dawwama ce ta gundure shi. Majinyacin da ke cewa ya gaji kuwa, sau da yawa raɗaɗi ne ya hana shi runtsawa, ko ya ji 'ya'yansa suna raɗa a bakin ƙofa kan kuɗin magani. Holan da Beljiyam sun halatta likita ya taimaka wa majinyaci ya mutu tun 2002, Kanada a 2016, kuma har yau ana jayayya kan iyakarsa.

Ina roƙon jaridarku ta binciko yadda masu ciwon ajali ke samun maganin rage raɗaɗi, a ji ta bakin likitoci da masu jinya.

Naku,
Wani mai karatu