Sanarwa: darasin sana'a a lakwal ɗinmu

Assalamu alaikum iyaye da malamai ƴan wannan rukuni.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a filin lakwal kan maganar koya wa yaranmu sana'a, daga ƴan CM1 (aji biyar na firamare) har na koleji.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗiyata ta CM2 (aji shida). Na ba ta jika ɗaya, wato faran 1000, ta sayo gyaɗa, mahaifiyarta ta taya ta suka fitar da mai, suka yi ƙuli-ƙuli. Ta sayar tas, ta zo tana murna. Na ce, "To, nawa ne ribarki?" Sai ta tsaya tana ƙirga yatsu. Ba ta sa kuɗin itace ba, ba ta sa na markaɗe ba. Kuma a aji da faran ake lissafi, a kasuwa da dala, dala ɗaya faran 5. Nan ma ta rikice. Yarinyar da ke cin lissafi a allo ke nan, a Maraɗi, garin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar!

Ba talla nake nufi ba, kada a fahimce ni baibai. Awa ɗaya a mako ta isa: rubuta uwar kuɗi da riba a kaye (littafin rubutu), ɗinki, haɗa sabulu, kiwon jar akuya.

Alhazanmu na babbar kasuwa, don Allah ku zo da kanku. Iyaye mata masu sana'ar hannu, ku muka fi buƙata. Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan kafin Juma'a, mu san tabarmi nawa za a shimfiɗa.