Batun buɗe jijiyar wuya ga masu cutar MS

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu jinyar cutar MS, wadda garkuwar jiki ke far wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ƙanwata na fama da ita, kuma tun da wani bidiyo ya shiga wayoyin dangi ba mu huta ba. Wai tushen ciwon shi ne jini ba ya sauka daga ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, da zarar an buɗe jijiyar wuya an warke. Har gwaggonmu ta ce a fara haɗa kuɗi.

Zancen tsoho ne. A 2009 wani likitan tiyatar jijiyoyin jini na Jami'ar Ferrara a Italiya, Paolo Zamboni, ya wallafa cewa ya duba masu MS 65, dukkansu ya tarar jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa da laka sun tsuke. A ganinsa jinin kan koma baya, sinadarin ƙarfe ya taru, kumburi ya biyo. Maganin da ya kawo shi ne a zura siririn bututu ta matse-matsi har wuya, a hura ɗan balan-balan ya faɗaɗa wurin. Marasa lafiya, musamman 'yan Kanada, suka yi ta tururuwa zuwa Polan da Indiya da Kosta Rika. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya ga 'yar'uwarsa na jan ƙafa, kofi na suɓuce mata a hannu, komai aka ce masa magani ne zai saurara.

Sai dai da wasu likitoci suka bi diddigi, abin bai tsaya ba. Binciken da aka yi a Kanada a 2013 ya sami irin wannan tsukewa a kashi 74 cikin ɗari na masu MS, da kashi 70 na mutanen da lafiyarsu lau. Ashe haka jijiyar wuyan yawancinmu take. Shi kansa Zamboni ya jagoranci gwaji a kan mutum 115, wasu aka yi musu aikin gaske, wasu na bogi ba tare da sun sani ba. Sakamakon ya fito a 2017: bayan shekara guda babu bambancin a-zo-a-gani, ya ce kada a ba masu MS shawarar yin aikin. A nan kam ya burge ni, don ba kowa ke rushe ginin da ya yi suna a kansa ba. Masu yaɗa bidiyon ba sa kawo wannan ɓangaren.

Ga kuma haɗari. Tun a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa an samu mace-mace, da shanyewar ɓarin jiki, da daskarewar jini, da ragar ƙarfen da ake sawa a jijiya tana barin wurinta.

To waɗanda ke cewa sun ji sauƙi fa? Ba na ce ƙarya suke yi ba. Cutar ce mai tashi ta lafa. Idon ƙanwata ya taɓa yin hazo na makonni, ya washe ba a taɓa wuyanta ba. Da a tsakanin aka yi mata aikin, da yanzu ita ma tana cikin masu ba da shaida.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda wannan bidiyo. Don Allah ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a shafinku na lafiya ya yi bayani da Hausa, wataƙila gwaggonmu ta fi jin tasa a kan tawa.

Taku,
Wata mai jinyar ƙanwarta