Ciwon gaɓoɓi ba ya tsayawa a gaɓoɓi

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da likitocinmu da kuma masu jinyar mai amosanin gaɓoɓi, ciwon da mutanenmu ke cewa "sanyi ne kawai".

Yayata ke fama da shi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta auka wa gaɓoɓin mai ita. Tela ce. Da asuba yatsunta a sandare suke, sai ta fi awa guda kafin ta iya riƙe buta, balle almakashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke da wannan ciwo, kusan kashi 70 cikin 100 kuma mata ne.

Sannu a hankali ta daina zuwa biki da suna, ta lulluɓe keken ɗinkinta da zani, barci ya ƙaurace mata. Har methotrexate, maganin ciwon gaɓoɓin da take sha sau ɗaya a mako, ta ajiye, wai me zai tsinana mata. Dangi suka ce raki ne, wasu suka ce ƙarancin tawakkali. Matar da ke sallah a zaune don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, a faɗa mata haka!

Ashe ciwon damuwa ne, kuma likitoci sun san yadda biyun ke cuɗanya. Raɗaɗi na hana barci, rashin barci na ƙara wa jiki jin raɗaɗi. Kumburin da ke cin gaɓoɓin yana sakin sinadarai cikin jini masu taɓa ƙwaƙwalwa. Ko prednisolone da ake bayarwa don kumburi ya lafa yana iya jirkita yanayin mutum. Wanda damuwa ta danne kuwa sai ya yi watsi da magani, ciwo ya sake tashi.

A asibitin da muke zuwa, a duba yatsu, a rubuta gwajin jini, a kira na gaba. Na san layi da tsawo, likitocin fannin kuma ƙalilan ne. Amma tambaya biyu ba ta cin minti guda: "Kina samun barci? Akwai abin da ke faranta miki rai yanzu?" Wata nas ce ta yi wa Yaya su, daga nan aka tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Da ƙyar mijinta ya amince, don gudun a ce matarsa ta taɓu.

Ina kira ga asibitocinmu na koyarwa su sa waɗannan tambayoyi a katin duk mai ciwon gaɓoɓi. Kai ma Edita, don Allah ka gayyato likitan ƙwaƙwalwa shafinku na lafiya ya yi wa magidanta bayani.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Zariya