Ɗalibata ta bar ni, wai tsorona take ji

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Tun ranar Talata ban samu natsuwa ba, ki yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse.

Ni malamar Turanci ce, shekarata 7 ina koyarwa. Da a aji nake, daga baya na koma koyar da mutum ɗai-ɗai, ni da ɗalibi kawai, awa guda, wani lokaci gaba da gaba, wani lokaci ta Zoom. Wata 4 da suka wuce wata baiwar Allah ta zo wurina, ma'aikaciyar jinya ce, ta girme ni sosai. Jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci take son zanawa don ta tafi aiki Ingila. Anti ki gane, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can maki 7 take nema a magana da sauraro da karatu, 6.5 a rubutu, kuma ƙololuwar makin 9 ne. Sashen magana minti 11 zuwa 14 ne kacal, a ciki za a miƙo maka kati, a ba ka minti 1 ka shirya, sannan ka yi ta bayani kai kaɗai har minti 2. Wannan ranar nake hango mata kullum.

To ranar Talata sai ga saƙonta a WhatsApp. Ta ce ta gode, amma ta samu wata malama. Wai duk ranar darasi tun da safe gabanta ke faɗuwa, wai a gabana ji take kamar ba ta taɓa shiga makaranta ba. Ni fa, Anti! Ni da nake raba dare ina shirya mata tambayoyi. Ita ce dai ke zuwa a makare, aikin gida sai ta ga dama, wayarta kuma ba ta daina ƙara. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, Allah shaida ne. Gyara kawai nake yi. Tana haɗa p da f, har a kalmar "patient", wato majinyaci, da za ta riƙa faɗa kullum a wurin aiki, shin in zuba mata ido? Ina da ɗan littafi da nake rubuta kurakuranta. Sai yanzu nake tuno cewa idonta a kan hannuna yake tsayawa, da na ɗaga biro sai maganar ta maƙale mata, ta ce "yi haƙuri Malama", ta koma farko.

Na ma manta ban faɗa miki ba. A wata na 2 ta zo idanu jajir, daga aikin dare take. Ta fara ba ni labari da Turanci, wani jariri ne ya rasu a hannunta. Gaskiya ban taɓa jin Turancinta ya zubo haka ba, ko tsayawa ba ta yi. Sai ta yi kuskuren nahawu na lokacin da ya wuce, na tare ta na gyara. Ta dube ni, ta maimaita daidai, ba ta ƙarasa labarin ba. Muka buɗe littafi. Ni a lokacin gani nake don haka ta zo, ba ta da lokacin ɓatawa. Amma abin yana cina a rai.

A wurin horo an koya mana maganar Stephen Krashen, masanin koyon harshe, cewa fargaba kan toshe wa harshe hanya, kuma an ce mu bar ɗalibi ya gama kafin mu gyara. Na sani sarai. Sai dai mai jarrabawa ba zai lallashe ta ba. Sabuwar malamar kuma, an ce mini rabin awar a hira da dariya take ƙarewa, har "yayata" take ce mata. Wannan koyarwa ce ko sayen zuciya? Idan sakamako ya fito ba 7, wa zai ɗauki alhaki?

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ina da wani ɗalibi, yaro ɗan shekara 16, shi ma ya koma daga e sai a'a, yana satar kallon agogo. Jiya na gwada tambayarsa ƙwallo, ya dube ni kamar bai san ni ba. A aji hayaniyar yara kan rufe irin wannan, amma ku biyu kaɗai, shirun nauyi gare shi. Ina tsoron in sake fuska raini ya shigo, ni ƙarama ce, yawancin ɗalibaina sun girme ni. Kuma abokan aikin ma'aikaciyar jinyar su 2 da suka ce za su fara zuwa har yau ba su kira ba, ban san me ta faɗa musu ba.

Anti, in kira ta in ba ta haƙuri a kan maganar jaririn nan, ko za ta ɗauka roƙonta nake ta dawo? Yaron kuma Alhamis yake zuwa, da me zan fara masa?

Taki,
Wata malama cikin damuwa