In ba yarana maganin ko in bi maganar mijina?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanin mijina ne ya jawo mana wannan masifa. Bara aka ce yana da tarin fuka, aka ɗora shi a kan magani na wata 6, da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya watsar, wai ya warke. Haka yake, ba ya jin maganar kowa. Yanzu tarin ya dawo, an gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, aka ce cutar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, wato ta zama mai bijire wa magani. A gidanmu yake, Anti. Ni ke wanke hankicinsa, ɗana mai shekara 3 kuwa kullum yana kan cinyarsa, shi yana tari ko baki ba ya rufewa.

Ba wai na tsane shi ba, Allah ne shaidata. Ko ranar da ya zo da jakarsa ban ce uffan ba, alhali ba a shawarce ni ba.

Ma'aikatan asibiti sun zo sun rubuta sunayenmu duka, aka yi wa yaran hoton ƙirji, aka tambaye ni ko suna tari, zazzaɓi, zufar dare ko rama. Alhamdulillahi babu. Amma nas ɗin ta ce ƙwayar cutar tana iya kwantawa shiru a jiki ta tashi daga baya, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗari. Ta ce tun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba irinmu da ke zaune da mai cutar maganin levofloxacin kullum har wata 6, bayan an gwada shi a Afirka ta Kudu da Biyetnam an ga yana rage kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100.

Mijina ya ce atafau. Wai ba za a ɗura wa lafiyayyun yara ƙwaya ba, don ya ji tana sa ciwon gaɓoɓi. Mahaifiyarsa kuma cewa take ni ce ke tona wa ɗanta asiri a gaban maƙwabta, a ware masa kwano kawai ya isa. Kwano, Anti! Cutar da ke bin iska! Na gaya mata, sai ta ce wai na fara ɗaga mata murya. Ban ɗaga ba, bayani na yi.

Na manta ban ce ba, ina shayar da ƙaramar, shin ni ma zan iya sha?

Maganin yaran yana nan cikin jakata, na karɓo bai sani ba. Idan na ba su a ɓoye na saɓa wa mijina? Ko in kwashe su mu tafi gidanmu har sai shi ƙanin nasa ya bar gidan? Don wallahi na gaji da zama baƙuwa a ɗakina.

'Yar'uwarki da ke cikin damuwa.